Masu Yoyon Kafireto a Gagarawa Tasha

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ɗigon mai a ƙarƙashin babur ya daina zama abin wasa. Amma hali zanen dutse ne, kuma bencin bakanike a Gagarawa Tasha ya ishe ka kallo.

Akwai Malam Ƙwanƙwasa. Ya san sarai allurar kafireto ce ta maƙale, mai ya cika ya tumbatsa yana tsiyaya ta tiyo. Maimakon a kwance a wanke, sai ya ɗauki sifana ya ba kafireton duka biyu. Abin haushin, allurar takan saki, yoyon ya tsaya, shi kuwa ya gyara hula yana jin kansa injiniya. Gobe za ka gan shi yana tura Boxer a hanyar Gumel.

Ƙanensa mai ɗaure-ɗaure ne: leda, tsohuwar roba, har da sabulu. Kuɗin da ya ƙi ba bakanike, ƙasa ta sha ninkinsa.

Sai mai ɗora laifi. Bakanike ya juye masa ruwa da yashin da ya taru a gindin kafireto, a tafin hannu, ya ce, "Alhaji, man kwalba kake sha." Alhaji ya haɗe rai: "Haba Oga, ɗan ƙanwata ne ke sayar min! Kai dai hannunka ne bai zauna ba." Kuɗin aiki kuma sai an sayar da riɗi.

Ga kuma ɗan kallo, wanda ko keke ba shi da shi amma ya fi kowa shawara, yana ba da ita da sigari a baki, taku biyu daga kwanon fetur.

Ni dai gwanina mai fenti ne. Ran Laraba yake ɓullowa, don Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma yana son tsohuwar Jincheng ta koma amarya kafin asuba. Ba ruwansa da wanke baƙin mai, ba ruwansa da gogewa, bare ya tambaya ko fentin yana jure zafin inji. Fesawa kawai yake, ruwan azurfa ya hau fulogi, ya hau tiyo, har yatsun ƙafarsa sun samu rabo. In lokacin hunturu ne, ƙura ta zo ta ƙara nata adon kafin ya bushe. Bakanike ya ce, "Maigida, a fara tsayar da yoyon." Ya ce ai mai saye ba cikin kafireto zai leƙa ba.

Fetur kuwa cin sabon fenti yake. Kafin ya isa Maigatari ɗigon ya ja layi tun daga kafireto har gindin inji, zafi ya sa sauran ya yi bororo yana ƙauri. Dillali ya tsuguna, ya dangwala yatsa ya sunsuna, ya ce, "Fentin ka kawo sayarwa ko babur ɗin?"