Ci Burodinka Tukuna, Malam

Cutar siliyak ce kaɗai na sani wadda mai hankali ke ɓata wa kansa bincike da hankalin nasa. Mutum ya yi watanni cikinsa na kumburi yana ƙugi kamar an tada janareto, gudawa ta mai da shi ɗan gida a banɗaki, jini ya yi ƙasa, wando ya fara neman mazagi. Ya lura duk ranar da ya karya da shayi da burodi ko ya ci taliya, ranar bala'in ke ƙaruwa. Sai ya yi abin da kowa zai yi: ya yi sallama da mai shayi, ya koma wa kunun gero. Bayan wata uku ya ji dama-dama, ya saka babbar riga ya nufi asibiti don a buga hatimi a kan abin da ya gano. A ɗebi jini, sakamako ya fito fes, a ce masa lafiyarsa ƙalau. Ya dawo gida da rasit da ruɗani. Ni dai ra'ayina shi ne duk mai zargin alkama ya ci gaba da cin ta har a gama gwaji, kuma ya kai cikinsa wurin likitan ciki da hanji, ko da akwai mai farar riga a ƙofar gidansa.

Dalilin yana cikin yadda cutar ke aiki. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari, gulutin, shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Bangon ƙaramin hanji kuwa cike yake da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci. A jikin mai siliyak, da gulutin ya iso sai garkuwar jiki ta rikice ta afka wa gida, tsiron nan su kwanta, hanji ya koma sumul kamar tawul ɗin da ya shekara goma a shagon aski. Gwajin jinin da ake kira tTG, wanda ya samo asali daga wani bincike na 1997 a Jamus, dakarun da jiki ya fitar don wannan yaƙi yake nema. In ka daina alkama, yaƙi ya lafa, dakaru sun koma bariki, hanji ya fara farfaɗowa. Ka sallami ɓarawo ke nan, ka share sawunsa, ka gyara ƙofa, sannan ka kira 'yan sanda su zo su gani. Shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a ci abinci mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana, na aƙalla mako 6, kafin a yi gwajin.

Na san abin da za a ce mini. Mutum ya bar burodi ya samu sauƙi, me kuma ake nema, sai lallai ya koma ya wahala don likita ya samu abin rubutawa? Maganar tana da daɗin ji, amma sauƙi mugun mashaidi ne. A 1924 wani likitan yara a New York, Sidney Haas, ya ɗora masu wannan cuta a kan ayaba, yara suka murmure, aka yi shekaru ana yi wa ayaba kirari. Ashe ba wani abin da ta yi, burodin da aka hana su ne ya yi aikin. Shi ma wanda ya bar teburin mai shayi, da burodin ya bar madara da sukari cokali huɗu, kuma akwai mutane da yawa da madarar ce ba ta shiri da cikinsu. Wane ne mai laifi a cikinsu? Ko manyan duniya ba su tsira ba. Zakaran wasan tanis Novak Djokovic ya ba da labarin yadda a 2010 wani likita ya sa shi ya riƙe yankan burodi a kan cikinsa, ya danne masa ɗaya hannun, da hannun ya yi sanyi aka yanke hukunci a kan alkama. Ya bar ta, ya yi ta cin kofuna, Allah ya ƙara. Amma da bokan ƙauyenmu ne ya yi wannan, da tuni an yi masa dariya a rediyo.

Sannan a duba nauyin hukuncin. Mai siliyak na gaske har abada ya rabu da gurasa, alkaki, funkaso, fanke, cincin, taliya, Indomie da tuwon Semovita. Sai ya tsare mai ɗan wake da tambaya ko ta haɗa da fulawa, ya bi sawun injin niƙan unguwa ko an niƙa alkama kafin dawarsa, domin ƙa'idar duniya ta abinci marar gulutin kashi 20 ne cikin miliyan, wato ko ɓurɓushi ba a yafe ba. A gidan biki kuwa zai zama wanda ake nunawa da baki, mai raina abincin mutane. Ɗaurin rai da rai ne, kuma ban ga hikimar mutum ya yanke wa kansa shi ba tare da zaman kotu ba. In kuwa cutar ce da gaske, takardar sakamakon gwaji tana da amfani ga wasu, domin kusan ɗaya cikin goma na iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita suna ɗauke da ita, shi kansa kuma akwai ƙarancin jini da raunin ƙashi da za a riƙa bibiya.

Wasu kuma cewa za su yi ciwon Turawa ne, bai san hanyar Kano ba. A duniya ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin ɗari. Adadi mafi yawa da aka taɓa samu kuwa a Afirka yake: binciken da aka wallafa a 1999 a kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya sami kashi 5.6 cikin ɗari. Cutar tana ɓuya ne inda ba alkama. Likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, ya ga haka a yunwar 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya ɓace marasa lafiyarsa suka ji sauƙi, da ya dawo suka koma gidan jiya. Kakanninmu gero da dawa da acca suka fi ci, alkama sai ranar alkaki. Mu kuwa da fulawa muke karyawa, da ita muke kwana.

Saura zaɓen likita, inda wasan kwaikwayon ya fi armashi. Kowa abin da yake sayarwa yake gani a cikinka. Mai kemis zai ce olsa ce. Ɗakin gwajin bayan layi zai ce taifot da maleriya, don da wuya ya sallami mutum hannu rabbana. Mai lasifika a tasha tun daga nesa ya gano basir ne, mai tsiro ma. Ba na raina likitan fata ko na jini, domin siliyak kan fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu, ko ta zo da ƙarancin jini kaɗai ba ko gudawa, kuma nagari a cikinsu shi zai tura ka gaba. Amma mai yanke magana shi ne wanda zai haɗa tTG da awon yawan IgA na jini, wato jinsin dakarun da gwajin ke nema, don wasu jikinsu ba ya yin IgA isasshe sai gwajin ya yi ƙarya, sannan ya zura siririyar kyamara ta baki ya gutsuro 'yan ƙananan nama aƙalla huɗu daga farkon hanji. Gwajin ƙwayoyin gado kuma kada ya ruɗe ka: kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane suna da ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da cutar, yawancinsu kuma suna cin gurasa lafiya lau. Rashinsu ne ke wanke mutum.

Batun kuɗi gaskiya ne, ba zan yi musu ba, kyamarar nan ba ta shiga ciki kyauta, kuma galibi sai an je manyan asibitocin koyarwa irin na Kano ko Shika. Sai dai a lissafa allurar taifot zagaye biyar da jarkokin maganin basir tukuna. A ƙasashe irin namu ma buƙatar ƙwararren ta fi ta Turai, domin ƙwayar giyadiya ta gurɓataccen ruwa, tarin fuka na hanji da cutar ƙanjamau duk suna iya kwantar da tsiron hanji kamar yadda siliyak ke yi, kuma kowace maganinta daban. Wanda aka hana burodi alhali giyadiya ce, ya yi asarar gurasar shekaru a kan abin da ƙwayoyin 'yan kwanaki za su kashe. Don haka in likita ya ce a koma wa alkama na mako 6, a je a ba mai shayi haƙuri, a zauna a benci, a ce ya yanko na ɗari biyar, a kuma zaɓi gefen da ya fi kusa da banɗaki.