Oba-oba a Mota: Wai Kai Ma Za Ka Iya Haɗawa?

Na gan ka, ka karkace hula kana murmushi. Ka ce me za a yi da oba-oba a mota, alhali ga waya a aljihu, har mai layi biyu? Sannu mai layi biyu! Shiga dajin da babu sabis, ka ɗaga ta sama, ka juya gabas ka juya yamma, mu ga layin da zai amsa. Wayarka ba ta magana sai da turken kamfani. Oba-oba kuwa daga mota zuwa mota take tafiya, babu kati babu data, danna ɗaya duk ayari ya ji. Ka ce tsohon yayi ce? Wa ya musa? Tun 1933 'yan sandan Bayonne a Amurka suke magana daga cikin mota ana mayar musu da amsa. Ta tsufa kam, amma ba ta taɓa ce wa kowa kuɗinsa ya ƙare ba.

To ka sayo. Ka ce haɗawa ai wasan yara ne, a cusa ta a ramin caja kawai? Haba Alhaji! Rediyo mai wat 50, da ka danna za ka yi magana, tana jan wajen amfiya 10 ko fiye, ramin nan kuwa siririyar waya ce a bayansa. Daga batir kai tsaye ake ɗauko wuta, da waya mai kauri, a sa fis dab da kan batir. Inda za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, a sa mata zoben roba, don ƙarfe yana cin waya a hankali. Ka ce in fis ya ƙone sai a naɗa masa silin waya a ci gaba? To ka fara tanadar bokitin ruwa. Kai kuma mai tirela da ke dariya a gefe, motarka bolt 24 ce, rediyon ta 12. In ba ka sa na'urar rage wuta ba, gaisuwa ɗaya za ku yi, ita ma ta hayaƙi.

Ka ce a zuba kuɗin a akwatin rediyon, eriya ai tsinke ce? Subhanallahi! Maimaita in ji da kyau. Tsinken nan shi ne bakin rediyon, shi ne kunnenta, kuma tsawonsa a ƙididdige yake. A zangon VHF, wajen mega 145, gajeriyar eriyar mota kusan santimita 50 ce. A UHF, wajen mega 440, kusan 17. Wannan ma rabin eriyar ce, ɗaya rabin ƙarfen motarka ne, shi ya sa tsakiyar rufi ta fi ko'ina. Ka ce a bamba ta fi kyau a hoto? Wallahi ta fi. Sai dai jikin mota zai tare ta, ka riƙa jin na wancan gefe, na wannan gefen ya zaci gaba kake da shi.

"A huda mini rufin sabuwar mota?" Kwantar da hankalinka, akwai mai maganaɗisu. Amma wayarta ta ƙofa za ta shigo, ƙofa kuma ba ta da tausayi: matsa yau, matsa gobe, sai waya ta baje. In a kan ƙarfe za ka ɗaura ta, kankare fenti a ƙarƙashin mariƙin, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ka ce kana da ragowar wayar dish a gida? Bar wa uwargida kayanta. Ta talabijin om 75 ce, oba-oba mai om 50 take so.

Yanzu fitila ta kama, tana shuuu, ka ce an gama? Ji ai mai sauƙi ne, ko da guntun ƙarfe ana ji. A wurin magana ake kayar da gwani. Fitar da motar fili, nesa da katanga da rumfar kwano, ka rufe ƙofofi. Sa mitar SWR tsakanin rediyo da wayar eriya, rage ƙarfi, danna, ka zuba wa allura ido. Ta tsaya ƙasa da 1.5, sai hamdala. Ta kai 2, a lallaɓa. Ta haura 3, saki madannin nan da sauri! Ƙarfin da ya kamata ya fita iska yana komawa cikin rediyon yana gasa ta, kamar mai ihu a cikin randa, muryarsa kunnensa take dawowa. Gwada a ƙasan zangon da kake aiki, ka gwada a samansa. In lambar ta fi girma a sama, eriya ta yi tsawo. Sassauta 'yar ƙusar da ke riƙe da ita, rage milimita biyu ko uku, ɗaure, sake gwadawa. Ka ce a datse taƙi guda a huta? Datse mana. Gobe ka ba ta ruwa da taki ko za ta tsiro.

Saura inji. Tada shi, taka mai. In ka ji wani fito yana hawa da sauka tare da ƙafarka, altaneta ce ke tsoma baki, sai a duba haɗin wuta, a sa mata tacewa. Sannan ka tura aboki da tasa rediyon, ya riƙa nisa yana faɗa maka inda muryarka ta fara dusashewa. Kuma kada wani ya kama eriya kana magana, tana ƙuna.

Ka ce mai shago ya rantse daga Kano za ka kira Zariya? Allah ya ba shi kasuwa. Zangon nan kusan a miƙe yake tafiya, duniya kuwa a lanƙwashe take. Motoci biyu masu eriya a tsayin mita 2, a shimfiɗaɗɗen fili, su yi ta samun juna zuwa wajen kilomita 12, abin da ya ɗora riba ce. Ƙara wat ba ya miƙar da ƙasa. Tudu ne ke ƙara nisa, ko na'urar maimaita magana da ake kafawa a kan dogon turke.

Sai takarda. Iska ba gonar gado ba ce: a Najeriya hukumar NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ke raba zango, a Nijar kuma ARCEP. Nemi lasisi, ka tsaya a zangon da aka ba ka, kada ka faɗa wa jami'an tsaro cikin zance. Ka ce wa zai sani? Ka kafa tsinke rabin mita a kan rufi, kana shela da wat 50, ga shingen bincike a gabanka, kuma kana tambayata wa zai sani?