Ku Gama Dariyar, Sannan Wani Ya Ara Mini Kwando

Na san fuskar da kuka yi. Mage kuma? A wannan marra da kowa ke lissafin mudun shinkafa, wani ƙato da gemunsa ya rasa abin da zai cika shafi da shi sai yadda ake kama 'yar magen kango a mai da ita ta gida? To, ku dara, ban hana ku ba. Sai dai ina da tambaya ga wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Malam, ba kai ne kake wanke rago da sabulu ranar Juma'a tun kafin ka wanke motarka ba? Kai kuma na bayansa, da kake tsayuwa bisa soro kana yi wa tantabaru fito har magariba ta kusa kuɓuce maka, wa ya taɓa ce maka ba ka da aikin yi?

Abin da kuka ƙi faɗa shi ne magen nan tuni tana gidajenku. Ita ce ta haihu a bayan sito, ita ce ta ɗauke kifin da Hajiya ta shanya, ita ce kuma ke kuka a kan katanga tsakar dare har a tashi ana ta'awizi. Kuna ciyar da ita kuna so ba ku so. Ni cewa na yi, tunda ana biyan albashin, a ɗauki ma'aikaciyar aiki mana.

Na ji wani daga can ƙurya yana cewa abin daji ba ya sabo, wai ko ka shekara kana ba ta nama ranar da ta samu ƙofa sai dai ka ga ƙura. Yallaɓai, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya wuyar sha'ani. Babbar mage da ta girma ba hannun mutum a jikinta, wannan kam ka ƙyale ta. Da wuya ta zama ta ɗaki, kuma kulle ta azabtarwa ce. Amma ƙarama wani zance ne daban. Masu nazarin halayyar dabbobi sun daɗe da gano cewa tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne 'yar mage ke yanke hukunci a kan ɗan Adam, ko abokin zama ne ko abin gudu. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakanin takan tashi da son mutane. Daga mako 8 aikin yakan fara nauyi, in ta haura wata 3 ko 4 kuwa sai mai haƙurin gaske, kuma ko shi ba a yi masa alkawari. Kakanninmu sun riga masanan faɗa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma wai da kake cewa abin daji, ina ka zaci ta gidan ta fito? Duk magen da ke kwance a kan kujera a duniyar nan jikar kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce. Mutane suka fara tara hatsi, ɓeraye suka zo, kyanwar daji ta biyo ɓeraye, aka ga amfanin juna aka zauna. A 2004 masu tonon tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Ka ga ke nan wannan rashin aikin yi da kuke zargina da shi ya girmi garinku.

Saura masu maganar aljanu. Ku na fi jin daɗi, domin ba kwa faɗa da ƙarfi, sai an rage murya: ka dai yi hankali, musamman baƙa, ba ka ganin idonta da dare? Ina gani. Yau da dare ka ɗauki tocila ka haska ragon nan naka da kake wankewa, ka dawo ka gaya mini ko shi ma a kira masa mai ruƙiyya. Wani shimfiɗi ne a can cikin ido da ke mayar da haske, yana taimakon dabba gani cikin duhu. Kare na da shi, saniya na da shi. Sannan ku da kuke ja da ni ɗin nan kun fi ni sanin cewa sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samu wannan alkunya. Kun san a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa kyanwa ba najasa ba ce. Kun kuma san labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi na kanta ba. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi, ya fi shafar wanda zai bi shawarata fiye da wanda zai ƙi.

To, ga yadda ake yi, ga wanda ya gama dariya.

Kada ka ga 'yan jarirai a kwali ka kwashe ka ce marayu ne. Uwar takan fita neman abinci ta yi awanni. In idonsu bai buɗe ba, ba su wuce kwana 10 ba ko kusa da haka. In suna tafiya suna tangaɗi, wajen mako 3 ne. Waɗannan nonon uwa suke bukata, kai kuwa ba ka da shi, duk iya alherinka. Wadda kake nema ita ce mai gudu da tsalle, mai iya lasar abinci da kanta, idonta bai gama barin launin shuɗi ba: wajen mako 5 zuwa 7 ke nan. Ka fara ajiye ɗan abinci a wuri ɗaya, lokaci ɗaya kullum, ka koma gefe ka zauna ta riƙa ganinka. Kifin gwangwani ya fi komai kiranta saboda ƙarni.

Kamun kansa ba sabon ilimi ba ne ga duk wanda ya yi ƙuruciya a garin Hausa. Kwandon nan da muke kifawa, mu tokare da ɗan kara, mu ɗaura zare mu laɓe muna jiran kurciya, shi ne dai. Ka samu mai ɗan nauyi, amma ba wanda zai karya mata baya ba, ka tura abincin can ciki, ka jira sai ta shige duka har wutsiya. In ta shiga ka lulluɓe kwandon da zani, duhu na kwantar mata da hankali, sannan ka zura faranti ko katako ta ƙasa ka ɗauka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gayyar yaran unguwa a bi ta da gudu ana ihu. Wadda aka kama haka ta riga ta koyi darasin da za ka yi wata guda kana gogewa. Kuma kada ka kai hannu tsirara don ka ga ƙarama ce. Haƙoranta sirara ne, suna shiga can ciki.

Nan zan ajiye wasa kaɗan. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba, mage ma na ɗauka, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, mafi yawa ta cizon kare. In ta cije ka ko ta yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti ranar, ba gobe ba. Wadda ka ga tana dalalar da miyau, ko tana tangaɗi ba na ƙuruciya ba, kada ka taɓa ta sam.

Ka kawo ta gida. Yanzu ne masu gaggawa ke faɗuwa. Ƙaramin ɗaki ɗaya za ka ba ta, wanda ba shi da ramin da za ta shige ka kasa kaiwa gare ta. Kwali a kwance da tsumma a ciki don ɓuya, ruwa, da faffaɗar roba da yashi a ɗaya kusurwar. Hajiya, kwantar da hankalinki: wannan ba sai an koya mata ba, binne kashi a yashi halinta ne tun fil'azal, abin da har yau ba a samu akuyarki ta koya ba. Kwana ɗaya ko biyu na farko ka ƙyale ta kawai. Za ta yi maka huci, ta kwantar da kunne, ta tofa miyau. Wani zai ce ka gani ko, mugunta a jininta take. Ina muguntar? Abin da bai kai kilo ɗaya ba yana kallon ƙato irinka ya tsaya masa a kai. Tsoro ne tsagwaronsa.

Makaminka ɗaya ne, ciki. Ruwa ya zauna kullum, amma abinci mai daɗi kada ya zo sai tare da kai, sau 3 ko 4 a rana tunda cikinta ƙarami ne. Ka zauna a ƙasa, ka ba ta gefe, kada ka ƙura mata ido, domin a wurin mage ƙura ido neman faɗa ne. In idonku ya haɗu ka lumshe naka a hankali. Kuna dariya ko? Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan, suka wallafa a 2020 cewa mage ta fi kusantar wanda ya lumshe mata ido. Ku da kuka yi zance a zaure kun san aikin lumshe ido, kada ku yi mini kamar yau kuka fara ji. Kullum ka matso da kwanon kusa da kai kaɗan. Daga nan abinci a dogon cokali, daga cokali sai ɗan yatsa. Ranar da ta duƙufa tana ci, ka shafa bayanta da yatsa ɗaya, ta baya, ba ta saman kai ba, don abin da ke saukowa daga sama shaho ne a lissafinta. In ta ja da baya ka janye, gobe ma rana ce. In ta fara yarda, ka naɗe ta a tawul ka ɗora a cinya na ɗan lokaci. Ka ɗaura gashin kaza a zare kana ja; mafarauciya ce, wasa kan sa ta manta tana tsoronka. Rediyo a ƙasa-ƙasa na saba mata da muryar mutane, amma don Allah ban da shirin 'yan siyasa, kada ta ƙara tsanar ɗan Adam. In ta saba da kai sai a shigo da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yara a zaune, hannu a ƙasa. 'Yar mako 6 kan sauko cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Wadda ta fi haka girma kan ɗauki watanni.

Wani abin da kowa ya haƙiƙance a kai kuma ba daidai ba: madara. Nonon saniya da madarar gari na sa yawancinsu zawo, zawo kuwa na kashe ƙarama da wuri. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen nama ko ƙwai, shi ne abincinta. Tuwo zalla ba ya riƙe ta. Albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, don haka ragowar miya ba gata ba ce. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada kuma a fesa mata maganin sauro ko na ƙumar kare don a kashe ƙuma. A kai ta asibitin dabbobi a ba ta maganin tsutsar ciki, in ta kai wata 3 a yi mata allurar haukan kare.

Na hango Kanawa sun yi shiru suna danna kalkuleta. Mu Zage-zagi mun san tambayar tun kafin ta fito: riba nawa? To Alhaji, je ka duba buhunan da ɓera ya huda maka a sito bana, ka haɗa da wayar firji da ya gutsure. Sannan ka tuna da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci. Cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa na kare gida, tare da rufe hatsi da nisanta shara, har da ajiye mage. Ba zan yi maka ƙaryar 'yan talla ba: gafiya ta fi ƙarfinta, kuma gidan da ke ƙazanta ko mage goma ba su gyara shi. Kada kuma ka ce za ka hana ta abinci don ta fi kama ɓera, na san halinka. Ƙosasshiya ma na farauta, mayunwaciya kuwa tukunyarka za ta fara buɗewa.

Akwai masu ƙin da ban da abin ce musu sai gaskiyarku. Gidan da ke da mai asma da mage ke tayar masa, a haƙura. Mai juna biyu kada ta kwashe yashin, akwai ƙwayar cuta a kashin mage da ke iya taɓa ɗan tayi. Mai 'yan tsaki ya tanadi akurki, don ba na rantsuwa a kan amanar muzuru.

Wanda ba zan ƙyale ba shi ne mai cewa su waɗannan magunan kangon daga ina suke fitowa ne haka. Daga buhunka, Malam. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kwana 63 ne ko ɗan fiye, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. In sun yi yawa sai a zuba su a buhu a ba yaro ya kai bayan gari, a dawo ana cewa mage ba ta da amana. Likitocin dabbobi na yin aikin da ke tsayar da haihuwar, ga mace da namiji. A Zariya ma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma manyan garuruwa na da nasu. Wanda ya san ba zai iya abinci da allura da wannan ba, kada ya taɓa kwando. Ya dai ajiye mata ruwa a kasko lokacin bazara, ya kuma hana 'ya'yansa jifa.

Wanda kuma ya ji zai iya, ya fara ajiye kifin da yammar nan. Wadda ka gani jiya a bayan sito ba za ta jira ka gama shawara da abokan majalisa ba. Nan da wata guda ta wuce kamun kwando.