Ayarin Asabar a Kwarin Ƙanƙara

A birnin Edmonton na ƙasar Kanada, Kogin Saskatchewan na Arewa ya raba gari biyu, kwarinsa kuma cike yake da hanyoyin ƙafa da tsawonsu ya haura kilomita 150. A farkon Janairu sanyi kan kai digiri 25 ƙasa da sifili, saman kogi ya daskare, rana ta faɗi tun wajen huɗu da rabi. Mai hankali bargo yake ja. Mu kuwa duk Asabar sai mu haɗu a gindin gadar High Level, wadda aka gama a 1913, mu gangara kwari da ƙafa. Ga mutanen da ba a rasawa a ayarin.

Na farko Madugu uban tafiya. Kalmarsa ɗaya ce: "An kusa." Tun muna ɗaure takalmi an kusa, bayan awa biyu ma an kusa. In ya ɓatar da mu cikin kwazazzabon Mill Creek, sai ya ce da gangan ya biyo, wai don mu ga wuri.

Sai Sarkin Kaya. Sanduna biyu, ƙugiyoyin ƙarfe a ƙarƙashin takalmi saboda santsi, agogo mai ƙirga taku. Ya tsani auduga kamar ta ci masa bashi. Kowa ya gani sai ya yi masa wa'azi cewa auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, ulu shi ne magani. Gaskiya yake faɗa, abin haushin ke nan. Amma a hawan matattakalar katako ta farko shi ke fara neman wurin zama.

Akwai Albasa, mai riga bakwai a kan juna, ba a ganin komai sai ido. Minti ashirin da fara tafiya zufa ta karyo masa, ya shiga ɓare kansa ɓawo-ɓawo yana rarraba wa jama'a riƙo. Mu koma gida kowa da rigar Albasa ɗaya a hannu.

Kishiyarsa Gagarau, mai gajeren wando. Wai shi haifaffen Alberta ne, wannan ai ba sanyi ba ne. Gwiwoyinsa sun yi ja kamar gauta, gemunsa ya yi fari fat da ƙanƙarar numfashinsa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. A nan dai kada ka kuskura, daskarewa zai yi.

Mai Hoto ba tafiya ta kawo ta ba, shaida take tarawa. Ta cire safar hannu, ta jera mu, ta ce a yi murmushi, alhali leɓe ya ƙi motsi. Kafin ta danna, sanyi ya shanye batirin wayar. Sai ta ce a ara mata wata.

Shi kuwa Ƙorafau tun daga wurin ajiye mota yake tsine wa wanda ya kawo shawarar. Yatsunsa sun mutu, hancinsa ba nasa ba ne, daga yau ya daina. Asabar mai zuwa shi za ka tarar ya riga kowa.

Sai Uwar Ayari, dattijuwa mai tafiyar hawainiya, wadda ba ta taɓa faɗuwa ba. A jakarta akwai filas na shayi mai citta da safar hannu ta ko-ta-kwana. Da safe ba mai kula ta. Da an yi kilomita biyar kowa ya zama ɗanta.

Na ƙarshe Baƙo, wato ni a shekarar farko. Na bugi ƙirji na ce na san sanyin Jos, na fito da takalmin zuwa ofis. Taku goma na yi santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas, Madugu ya leƙo ya ce in tashi, an kusa.

Hunturun garin nan yakan ci wata biyar, wanda ya ce zai jira shi a ɗaki tunani ne zai cinye shi. Don haka in ka zo, fito a tafi da kai. Ka ji wa'azin Sarkin Kaya, kada ka yarda da lissafin Madugu, sannan duk rintsi kada ka yi nisa da mai filas.