Wai Ba A Cin Takarda

Na ga bakinku tun daga nesa, kun taɓe shi. Wai alawa alawa ce, ko a leda ko a kwali, ba wanda ya taɓa ƙoshi da takarda. To, sannunku da hikima. Amma Alhaji, ranar da aka kawo maka tsarabar Ferrero Rocher, me ya hana ka ba yara nan take? Sai da ka girke ta a falo baƙi suka gama gani. Ba ka ɗanɗana ba tukuna, takardar nan mai ruwan zinare ce ta sa ka gyara zama.

Ku leƙa Accra. A 2016 wasu 'yan'uwa mata biyu, Kimberly da Priscilla Addison, suka fara ƙaramar sana'ar cakulan. Gana ce ta biyu a duniya wajen noman koko, amma yawancinsa ɗanye ake lodawa a jirgi, Turai ta sarrafa, ta naɗe, ta ci ribar. Sai suka raɗa wa kayansu '57 Chocolate, don tunawa da shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai, suka kuma buga alamomin Adinkra na Asante a jikin cakulan ɗin kansa. Mai saye bai kai baki ba ya riga ya san daga ina kayan ya fito. Sabon kamfani ba shi da kuɗin talla a talabijin, kwalinsa ne ɗan aikensa.

Har yanzu kuna girgiza kai? A 2023 cakulan Toblerone ya cire hoton dutsen Matterhorn na Suwizalan daga kwalinsa, don ya mayar da wani ɓangare na aikinsa Bratislava, wajen ƙasar, dokar Suwizalan kuwa ba ta yarda a ci gaba da ado da dutsenta ba. Ƙasa guda tana gadin zane, ku kuna cewa shirme ne.

Inda zan ba ku gaskiya ɗaya ne: kwali ba ya gyara alawar da ta ƙone. In bai tsare ta daga zafi da tururuwa ba, kyansa na banza.

Ke kuma Hajiya da kika fi kowa dariya, gwangwanin Quality Street ɗin nan da ke ƙarƙashin gadonki fa? Alawar ta ƙare tun auren 'yarki ta fari. Zare da allura ne a ciki, kuma kowa a gidan ya san hukuncin wanda ya taɓa shi.