Zuwa ga maƙeran bindiga na Turai: ku dawo mana da adaka

Daga Hawata, bakin kogin Rahad, jihar Gadarif.

Zuwa ga manyan maƙeran bindiga na Bamingam ta Ingila, da Liyej ta Beljiyam, da sauran garuruwan da ake narka ƙarfe don a huda mutum daga nesa.

Ya iyali, ya sanyi? Kasuwa kam ba sai na tambaya ba, muna jin amonta daga nan. Bayan haka, wata 'yar buƙata ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ku yi haƙuri in kun ga rubutun ya karkace, hannuna bai daina rawa ba tun safe.

Yau da sassafe, ko lazimi ban idar ba, birai suka sauka a gonata. Ba jajayen nan masu fizgar zangarniya ɗaya su ruga ba. Bika ne, garke guda, da babbansu a gaba. Dawar ta fitar da kai, ƙwaya ta fara tauri, daidai lokacin da manomi ke fara lissafin bashin da zai biya. Makamina garwa ce da sanda. Na yi ta dukan garwa har kafaɗa ta sage. Babban nasu ya samu kunya ya zauna, ya karyo zangarniya yana ci yana kallona, har da sosa ciki. A wurinsa kiɗan cin abinci nake yi masa.

Sai ga ɗan maƙwabcina, yaron kirki wallahi, yana cikin samarin istinfar da aka raba wa makamai bayan yaƙi ya ɓarke a 2023. Ya ce, "Kawu, matsa gefe." Kafin in ce masa kul, ya ɗaga kilash sama ya sakar mata wuta. Harsashi 30 suka fita a numfashi ɗaya. Birai sun gudu, ba zan yi muku ƙarya ba. Haka ma kowa. Matan da suka tsero mana daga Sinja da Dindir a 2024, waɗanda suka san wannan ƙarar fiye da yadda suka san kiran salla, suka suri 'ya'ya suka yi daji babu takalmi. Masunta suka bar taru a ruwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: motar masu kaki ta iso, aka tafi da ni da yaron, na wuni har azahar ina rantsuwa cewa maharan da suka shigo masu wutsiya ne. Mai rubutu ya rubuta hakan, bai ko yi murmushi ba. Da na koma gona na tarar birai sun dawo sun ƙarasa aikinsu a tsanake.

To ga buƙatar. Ku dawo mana da adaka. Bindigar toka nake nufi, harba-ka-ruga, mai dogon baki da kota ta itace, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da sanda, a gyara ƙanƙara, sannan a yi bisimilla a ja kunama. Ƙara ɗaya take yi, mai kauri, da hayaƙin da zai rufe rabin gona. Duk wanda ya ji ta ya san ko maharbi ne, ko mai gadin gona, ko an ga wata. Babu uwar da za ta goya ɗa ta shiga ƙaya saboda adaka. Wanda ya taɓa zuwa hawan salla a Kano ko Katsina ya ga yadda 'yan bindigar sarki ke sakin ta a tsakiyar dubban mutane, mata na guɗa, yara na bin hayaƙi da gudu. Ku gwada haka da kilash ku ga ko sarki zai sami wanda zai yi masa jafi.

Kada ku ce ba ku san ta ba. Ku kuka ƙera ta. Shekara da shekaru jiragen ruwa suna sauke ta a bakin tekun Afirka ta Yamma, ana karɓar mutane a madadinta, wannan kuma wata shari'a ce da za a yi a gaban wanda ba ya karɓar cin hanci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 1890. A shekarar nan manyanku suka taru a Burasels suka sa hannu cewa kada a sayar wa baƙar fata bindiga ta zamani a faɗin yankin da ya haɗa da Sakkwato da Kano da nan inda nake zaune. Abin da aka yarda a sayar mana shi ne mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wai don tausayinmu. Shekara 8 bayan haka, ran 2 ga Satumba 1898, Kitchener na Ingila ya jera bindiga mai ruwa a Karari, kafin azahar mayaƙan Ansaru sama da 10,000 suna kwance, akasarinsu da masu da takubba a hannu. A 1903 aka maimaita karatun a Sakkwato, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yo gabas, ga garin Mai Wurno can kusa da Sinnar yana ba da shaida. Da yawanmu a nan jikokin wannan tafiya ne, wasu kuma na alhazan ƙafa da guzuri ya ƙare musu a hanya.

Wato ranar da kakanninmu ke neman mai harbi da yawa don su tsare ƙasarsu, kun ce adaka ta ishe su. Yau da jikansu ke neman adaka don ya tsare dawarsa, babu ita ko ta magani, sai kilash da jim-uku da doshka a bayan mota. Wace irin kasuwa ce wannan? Wane irin maƙeri ne za a ce masa lauje ya miƙo takobi, a ce masa takobi ya miƙo lauje, kuma kullum shi ke da riba? Ku faɗa mini, don Allah, a cikinku wa ke zama ya lissafa abin da ba mu so, sannan ya sa a loda shi a jirgi?

Na ji labari kuna sauraron koke, in mai koken yana da dala. Masu sha'awar harbi a Amurka sun yi ta magiya a kan wata ƙaramar bindiga, Colt Python, da aka daina ƙerawa a 2005, sai ga ta an dawo da ita a 2020, tana ƙyalli. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da biri, takarda kawai yake hudawa ranar hutu. A yankin Baresha na Italiya har gobe ana ƙera mai ƙanƙara sabuwa fil, irin ta da, ana sayar wa masu kuɗi su rataye a falo. A jihar Fensilbaniya ma akwai lokacin farautar barewa bayan Kirsimeti da ba a yarda kowa ya fita da wata bindiga ba sai ita. Ashe ba mantawa kuka yi ba. Adireshinmu ne ya ɓace muku, sai ranar rabon ɗaya kayan.

Shi kansa Mika'ilu Kalashnikof, mai kilash ɗin, kafin ya rasu a 2013, ya taɓa cewa da ya san haka, da injin da zai taimaki manomi ya ƙirƙira, ko da na yankan ciyawa ne. Allah sarki. Ciyawa muna da mai yanka ta, Malam Mika'ilu. Biri ne ya gagare mu.

Za ku ce in je wurin maƙeran garinmu. Na gode da shawara. Maƙerinmu gwani ne a fartanya da lauje, amma in ya ce zai yi bindiga, bututun famfo zai nema, kuma a ƙasar Hausa an san maharba nawa ne ke gaisawa da yatsu uku. Ku kuwa kuna da gidan gwajin bakin bindiga a Bamingam tun 1813. Ban da haka, a wannan zamani duk wanda aka kama yana huda ƙarfe a maƙera, sai dai iyalinsa su ji labari. Za ku kuma ce dabbobin gandun Dindir doka ta kare su tun 1935. Na sani, kuma ban ce zan taka gandu ba. Su ne ba su karanta dokar ba. Bika da gadu ba su san iyaka ba, ba su tsayawa a shinge, ba a tambayar su takarda. Ni ko dalma ba na so ku haɗo. Albarushi da tsumma sun wadatar, tsorata su zan yi.

Akwai kuma wata fa'ida da injiniyoyinku suka ɗauka aibi ce. Adaka tana da nawa. In rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi a mashaya, kafin mai fushi ya auna albarushi, ya nemo tsumma, ya danna, ya gyara ƙanƙara, dattawa sun iso, wani ya riƙe masa hannu, wani ya tuna masa kakarsu ɗaya. In damina ce ma sau da yawa sai ta yi cas ta ƙi tashi, kowa ya koma gida da ransa. Kun kashe shekara ɗari kuna gyara wannan, har kuka kai ga mai zubo 600 a minti ɗaya. Sannunku da aiki.

Ban kawo muku ƙarar wutar lantarki ba, ba ku kuka ɗauke ta ba. Ban kawo ta jan-baki da ke sauka a kan dawa ba, ko ta kala-azar da ke cin yaranmu a ƙauyukan Rahad, ko ta laka da ke rufe hanyar Gadarif duk damina, ko ta jirgin ƙasan da tasharsa ta fi shi zama a gari. Guda ɗaya na roƙa.

In kun amince, ku turo ta Bur Sudan, a rubuta Hawata a jikin akwati da manyan baƙaƙe, ta iso kafin a yanke riɗi. Kuɗi a hannu babu, amma riɗin Gadarif ba ya kwantai a ko'ina cikin duniya, za mu auna muku a buhu. Kuma don girman Allah a buɗe akwatin a duba kafin a rufe. In mai ƙahon harsashi ce a ciki, ku riƙe abinku, muna da ita har ta yi yawa.

Wassalam.

Naku,
wani manomi a bakin Rahad.