Gida Ɗaya, Dillalai Bakwai

A Kano yanzu ba a koyon dillancin gidaje, tsintar kai ake yi a ciki. Ka kuskura ka faɗa a majalisa cewa iyali sun ƙaru, ɗaki ya yi muku kaɗan, kafin mai shayi ya gama sheƙa maka naka mutum uku sun zama dillalai. Mai wankin hula ya san wani ciki da falo a Rijiyar Zaki. Ladan yana da labarin wani a Ɗorayi. Shi kansa mai shayin, ashe ƙanin matarsa yana da lambar wanda ya san mai riƙe da mukulli.

Mai gida kuwa sai dai ka ji labarinsa. Kullum ya tafi Abuja, ko yana Umara. Dillali na farko zai miƙa ka ga na biyu, na biyu ga na uku, duk ku cika Adaidaita Sahu, kai ne mai biyan kuɗin mota. A bakin ƙofa kuma sai ka ajiye kuɗin ganin gida, ko da abin da za ka gani kango ne da awaki ke kwana a ciki.

"Alhaji, ka ga gida! Nan da bakin titi taku kaɗan ne."

Takun raƙumi yake nufi.

"Malam, ruwa fa?"

"Ruwa? Ai har sai kun ce ya isa."

Nan dai bai yi ƙarya ba. Duba jikin bango, daidai gwiwa, za ka ga zanen da damina ta bari, an bi shi da sabon fenti wanda bai gama bushewa ba. Maganar wuta kuwa, tun da aka ƙara kuɗinta a Afrilun 2024 aka ce 'yan rukunin A za su riƙa samun awa 20 a rana, kowane lungu ya koma rukunin A a bakin dillali, har wanda turakunsa ba waya.

Idan gidan ya kwanta maka, sai a shiga tambayoyi kamar ka zo neman aure. Daga ina? Sana'ar me? Yara nawa? Uwargida tana markaɗe? Gwauro kam ya koma gida, ba a ba shi ko zaure. Kuɗin shekara a dunƙule, ga la'ada kashi 10 cikin 100, wadda mutum bakwai za su yi rigima a kanta kafin ka bar unguwar.

To, mu masu hayar ma a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya rantse cewa shi da matarsa ne da yara biyu, ranar tarewa sai ga a-kori-kura ta sauke yara tara, da suruka, da tumaki uku, da injin markaɗen da aka ce babu.

Duk wannan wasa ne idan aka zo saye. Mai fili ya sa miliyan 10, kafin maganar ta iso kunnenka ta bi ta bakuna bakwai ta zama 14, kuma kowa yana rantsuwa da Allah cewa saboda kai aka rage. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, amma a filin awon igiya abin da za a damƙa maka falle ɗaya ne da sa hannun shaidu, biyu daga cikinsu dillalan ne. Ranar haƙa harsashi za ka san abokan tarayyarka: ku uku, kowa da tifar yashinsa da takardarsa. Gidan gado kuwa, sai ka gama gyara ka shafa fenti wani ɗan'uwa zai dawo daga Legas ya ce shi ba da yawunsa aka sayar ba.

Mai karatu, idan kana neman gida, jira watan Agusta, ka je washegarin ruwan sama, kai kaɗai. Ka tambayi mai ga-ruwan layin nawa yake sayar da jarka, kuma kada ka ƙirga ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, ko da a filin jirgi za ka tare shi.